Bulala ko Lalama: Yadda Malamai Ke Kallon Gyaran Halin Ɗalibi

Gabatarwa

A makarantun Achilafiya da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kamar sauran makarantun ƙasar nan, ba a rasa ɗalibi mai surutu a aji, ko mai latti, ko mai tsokanar 'yan'uwansa. Abin da aka gada wajen maganin irin wannan yaro shi ne bulala da kamun kunne da tsallen kwaɗo. To amma masana ilimin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tambaya: shin duka yana gyara hali, ko kuwa ɓoye shi yake yi?

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 1938, B. F. Skinner, wani masani ɗan Amurka, ya bayyana gwaje-gwajen da ya yi da ɓeraye. Ya gano cewa halin da aka saka wa da alheri yakan ɗore, shi kuwa horo yakan danne hali ne na ɗan lokaci, ba tare da ya koyar da abin da ya kamata a yi ba. A 2011, Victoria Talwar da Kang Lee sun kwatanta yara ƙanana na makarantu biyu a Afirka ta Yamma. Sai suka tarar yaran makarantar da ake duka sun fi yawan ƙarya, sun kuma fi iya kare ƙaryarsu. Haka nan a gundumar Luwero ta ƙasar Yuganda, an gwada wani shiri na ladabtarwa ba da duka ba a gwajin da ya ƙunshi makarantun firamare 42. Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna cewa inda aka bi shirin, kimanin kashi 31 cikin 100 na yara ne suka ce malami ya doke su a makon da ya wuce, alhali a sauran makarantun kusan kashi 49 ne.

Ra'ayin Malamai

Malamai da yawa ba mugunta ke sa su riƙe bulala ba. Wasu kan kafa hujja da karin maganar nan, ka ƙi naka duniya ta so shi. Wasu na tsoron kada kwarjininsu ya zube. Wasu kuma cunkoson aji ne ya yi musu yawa, ga shi ba a koya musu wata hanya ba. Waɗannan dalilai ba abin rainawa ba ne, domin duk wanda aka ce ya ajiye bulala, dole a ba shi abin da zai maye gurbinta.

Hanyoyin Lalama

1. A binciki dalili. Yaron da ke latti da damina wataƙila daga gona yake, mai surutu kuwa wataƙila karatun ne bai iya ba, yake ɓoye kunyarsa da ƙiriniya.

2. A kafa dokoki kaɗan tare da ɗalibai, a rubuta su a gefen allo.

3. A yaba hali mai kyau nan take, a kuma faɗi ainihin abin da aka yaba.

4. Hukunci ya dace da laifi. Wanda ya ɓata aji ya share shi, wanda ya karya benci ya taya gyara.

5. A yi wa yaro faɗa a keɓe, domin tozartawa a gaban jama'a taurin kai take haifarwa.

Kammalawa

Lalama ba sakaci ba ce. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karyawa yake yi. Muna ba malami shawara ya zaɓi ɗalibi ɗaya da ya gagare shi, ya gwada waɗannan hanyoyi na tsawon makonni huɗu, yana rubuta yawan laifin yaron kowace rana. Idan ya kwatanta makon farko da na ƙarshe, lissafin da ke littafinsa shi zai ba shi amsa.