Kafin ka sayi littafin da ya ci kyauta

Mai karatu, kyautar da littafi ya ci ra'ayin alƙalai ce, kai ma kana da naka. Ɗauki Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya lashe kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. Labarin Hajiya Binta ne, bazawara mai shekara 55, da alaƙarta da wani matashi dillalin wiwi. Wasu tun a babin farko za su rufe shi don kunya. Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne yadda alkunya ta hana Binta kiran sunan ɗanta na fari har ya mutu. Ka daure ka kai shafi na 50 kafin ka yanke hukunci, kuma ka gama shi tukuna kafin ka ara wa ƙanwarka.