Daga Kano Zuwa Sakkwato Cikin Jirgin Sama

A zamanin da, wanda ya yi niyyar tafiya daga Kano zuwa Sakkwato sai ya sallami iyalinsa, ya ɗaure guzuri mai yawa. A cikin 1824 wani Bature mai suna Kilafaton ya yi wannan tafiya bisa doki, don ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ratsa ƙasar Zamfara, bai isa ba sai da ya yi wajen mako uku a hanya.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano guda uku ne, sun taso daga Masar cikin 1925. Yanzu kuwa kowane daga cikin biranen nan biyu yana da babban filin jirgi. Na Kano ana kiransa da sunan Malam Aminu Kano, na Sakkwato kuma da sunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Tsakanin filayen nan biyu akwai nisan kilomita 370 ko kusa da haka, watau wajen mil 230. Wannan awon sama ne, miƙe sak kamar an ja zare bisa taswira. Wanda ya ja zaren zai ga ya bi ta arewa da Gusau, ya gitta daidai wajen Ƙaura Namoda. Hanyar mota ba ta iya miƙewa haka. Tilas ta kewaye dutse, ta nemi inda gada ta ke, ta ratsa garuruwa don ɗaukar mutane, har nisanta ya kai wajen kilomita 500. Mota takan cinye mafi yawan yini kafin ta kai.

Babban jirgin fasinja yana iya cin kilomita 800 a sa'a guda. In aka buga lissafi, sai a ga ko rabin sa'a ba zai cika ba. Amma lissafin nan da saura. Jirgi ba ya kai ga cikakken gudunsa sai ya hau sama sosai, kuma tun da nisa ya ke fara rage gudu don sauka. Iska ma tana da nata hukunci, gama in ta fuskanto jirgi sai ta rage masa sauri. Saboda haka tafiyar takan kusanci sa'a guda. Da hunturu kuwa, in hazo ya yi kauri har matuƙi ba ya hangen filin sauka, sai a dakatad da tashi, fasinja su yi ta zaman jira.

Mutumin Nasarawar Burkullu, a ƙasar Bukkuyum, shi ne ya fi bukatar lura da wannan lissafi. Shekaru da yawa alhazan Zamfara daga Sakkwato suka riƙa tashi zuwa Makka. Kafin ya ga ƙofar filin jirgin, sai ya yi sa'o'i cikin mota, ko ya bi ta Gummi ko ta Anka. A can kuma sai a auna kayansa, a duba takardunsa, ya zauna sai an kira. Da Kano za shi, tafiyarsa ta ƙasa zuwa filin ta ninka ta sama sau da yawa. Don haka mai hankali yakan baro gida tun ana gobe tashi, ya kwana Sakkwato, gama in an rufe ƙofar jirgi ba a buɗe ta don wanda ya makara.