Inji Ma Yana da Ranar Ganin Likita: Tsari da Jadawalin Gyara

Duk injin da ke juyi yana cin jikinsa. Ƙarfe na gogar ƙarfe, baƙin mai na tsinkewa, bel na saki. Saboda haka tsayawar inji ba makawa ce, sai dai ko ya tsaya ranar da mai shi ya zaɓa, ko kuwa ranar da ya ga dama. Ilimin kula da injina ya ginu ne a kan wannan bambanci.

Injiniyoyi sun kasa aikin kashi biyu. Na farko shi ne tsari, wato tantance abin da za a gyara, da kayan da za a musanya, da ma'aikatan da ake bukata, da tsawon lokacin da aikin zai ci. Na biyu shi ne jadawali, wato tsayar da ranar da za a kashe injin. Idan aka sa rana ba a tanadi kaya ba, sai a kwance inji a zauna jiran boris guda ɗaya har makonni.

Tashar lantarki ta Kainji, wadda tafkinta ya kai har ƙasar Yawuri, misali ce mai kyau. An kammala madatsar a shekarar 1968, aka kafa mata manyan injina 8 masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. A shekarar 2013 aka danƙa tafiyar da ita ga kamfanin Mainstream Energy Solutions, wasu injinan kuwa sun daɗe a tsaye a lokacin. Kogin Kwara yakan cika sau biyu a shekara a wannan yanki: farar ambaliya ta ruwan damina, da baƙar ambaliya mai tasowa daga ƙasashen Gini da Mali, wadda ke isowa cikin hunturu. Hikimar mai jadawali a irin wannan tasha ita ce ya ajiye babban gyara sai tafki ya ja baya, kuma ya riƙa kashe injinan ɗaya bayan ɗaya, don kada wuta ta yanke baki ɗaya.

Wannan ƙa'ida ita ce dai ta mai tarakta ko mai injin niƙa a Manga ta ƙasar Zuru. Tarakta da rani ake kwance ta, domin in ta tsaya a farkon damina, huɗa ta wuce manomi. Injin niƙa kuwa kafin a girbe dawa ake duba shi.

Ƙananan ayyuka da awa ake lissafa su. A ce littafin injin ya umarci a juye baƙin mai bayan aikin awa 250. In yana aikin awa 8 kullum, kwana 31 ke nan. In aiki ya yi yawa da kaka ya koma awa 12, sai wa'adin ya dawo kwana 20 da 'yan kai. Wanda ya dogara da ganin wata kawai zai makara.

Don haka kowane inji na bukatar littafin da ake rubuta awoyin aikinsa, da ranar gyara, da abin da aka canja. Sabon ƙara, ko zafi, ko jijjiga, su ma a rubuta su, domin sukan sa a matso da ranar gyara kusa.

Aikin aji: ɗalibai su zaɓi janareta ko famfon makarantarsu, su tsara masa jadawalin wata 12, su kuma bayyana dalilin zaɓen kowace rana.