Kafin Ka Biya Kuɗin Manhajar Ajiyar Kwafi

Yawancin masu kwamfuta a gida suna fara ajiyar kwafi ne da abin da ya sawwaƙa: a jona filash a kwashe folda biyu ko uku, ko a kunna File History da ke zuwa cikin Windows tun 2012, ko Time Machine ga mai Mac. Wanda ba shi da komai a ciki sai hotunan biki da takardun makarantar yara, wannan ya ishe shi, kada ya kashe ko sisi. Magana tana canjawa ne ranar da kwamfutar ta zama wurin neman abinci, ta riƙe lissafin shago, ko hotunan kwastomomi, ko kundin digirin da aka yi shekara biyu ana fama da shi.

Ka tambayi kanka: in faifan kwamfutar ya mutu yau da daddare, yaushe za ka koma aiki? File History zai dawo maka da takardunka, amma ba zai dawo da Windows ba, balle manhajojin da ka girka da lasisinsu da saitin firinta. Sai ka kai wa mai gyara ya loda komai daga farko, ka yi kwanaki kana neman abin da ya ɓace. Wannan giɓin ne manyan manhajoji irin su Acronis True Image, Macrium Reflect, EaseUS Todo Backup da AOMEI Backupper suke cikewa. Suna ɗaukar kwafin faifan sukutum, har da abin da ke tayar da na'urar, ta yadda in an sa sabon faifai za a mayar da komai yadda yake jiya.

Amma kada ka yi saurin zaro katin banki. Yawancinsu da dala ake biya, kuma Acronis da sabon Macrium haya ce ta shekara-shekara. A da Macrium na da na kyauta da mutane suka daɗe suna yabo, amma kamfanin ya daina kula da shi daga farkon 2024. Veeam Agent kuwa yana da na kyauta mai ɗaukar faifai sukutum, haka EaseUS da AOMEI. Ka fara da ɗaya daga cikinsu ka yi wata guda, za ka gane da kanka abin da ka rasa.

A ganina abubuwa biyu ne suka cancanci kuɗi. Na farko, mayar da kwafi kan kwamfuta daban, wadda kayan cikinta ba irin na tsohuwar ba ne. Macrium na kiran wannan ReDeploy, Acronis na ce masa Universal Restore. Yana da amfani ga wanda aka sace wa laftof, da kuma masu sauya na'ura tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Na biyu shi ne kare kwafin kansa daga mugayen manhajojin da ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta afka wa ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Irin waɗannan ba sa barin faifan da ke jone. Kuma don Allah kada ka girka manhajar ajiya da aka fasa aka raba kyauta. Manhaja ce mai ikon taɓa kowane fayil naka, ba a ba ɓarawo ajiyar makullin gida.

Wurin da mutane suka fi yin asara bayan sun biya shi ne saitin. Manhajar za ta ɗauki cikakken kwafi sau ɗaya, daga nan kullum ta riƙa ƙara abin da ya canja tun jiya kawai. Hakan yana rage lokaci da wuri, sai dai kowane ƙari ya dogara da wanda ya gabace shi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta na Talata, ko faifan ya samu matsala a daidai wurin, na Laraba da na Alhamis ma suna iya tashi a banza, kuma ba za ka sani ba sai ranar buƙata. Don haka ka kunna zaɓin da ke sa manhajar ta duba lafiyar kwafi bayan ta gama, ko da zai ƙara minti ashirin. Ka sa ta ɗauki sabon cikakken kwafi duk wata, ta riƙe aƙalla biyu na baya. Mai kwamfutar tebur ba tare da inbata ko UPS ba, ya tsara aikin a lokacin da yake zaune a gabanta.

Ranar sauyawa zuwa sabuwar manhajar, kada ka goge tsohon kwafinka. Ka sayi faifan waje wanda ya ninka abin da ke kwamfutarka sau biyu, ka ɗauki cikakken kwafi, sannan ka haɗa filash ɗin ceto da manhajar za ta nemi ka yi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali da shi ake tayar da na'urar da Windows ɗinta ta ƙi tashi. Ka kashe kwamfutar, ka tayar da ita daga filash ɗin, ka tabbatar da idonka cewa tana ganin faifan ajiyar. Ka zaɓi wata takarda ka dawo da ita ka buɗe. Sai wannan ya yi kyau za ka iya sallamar tsohon tsari. In ka kulle kwafin da kalmar sirri, ka rubuta ta a takarda ka adana tare da takardun gida, domin in ka manta ta kamfanin ma ba zai iya buɗe maka ba.

Mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ne ya yaɗa ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. Da tsadar data a wurinmu, tura faifai sukutum zuwa intanet ba abin da kowa zai iya ba ne. Ka tura muhimman takardu kawai, gigabait 15 na Google Drive zai ɗauke su, amma ka sani in folda tana daidaita kanta da intanet, abin da ka goge a nan ya gogu a can. Ka kuma tanadi faifai na biyu, ka cire shi bayan kowane kwafi, ka nisanta shi da zafi da ƙurar hunturu, ka riƙa ajiye shi a gidan ɗan'uwa kana karɓowa duk wata. Kafin ka biya haya kuma, ka karanta sharaɗin kamfanin ka tabbatar za ka iya dawo da fayilolinka ko da wa'adin ya ƙare ba ka sabunta ba.