Kiwon Gida A Lokacin Hunturu: Ƙirga Bakuna, Ka Ƙirga Damma

Jama'a, ga kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, ana sarar dawa, iskar gabas kuwa ta fara kaɗawa. Nan da 'yan kwanaki hazo zai rufe gari, kowa ya nemi bargo. To, yau maganarmu a kan dabbar da ke ɗaure a bayan ɗaki ce, watau shanun huɗa biyu, da 'yan tumaki da awaki, da kajin uwargida. Mun fi nufin mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, amma duk wanda ke da turke a gidansa zai sami abin ɗauka.

Mutane sukan ce sanyi ya kashe musu akuya. Gaskiyar magana ita ce, da wuya sanyin ƙasarmu ya kashe dabbar da ta ƙoshi. Abin da ke faruwa shi ne, dabba da abincin da ta ci take ɗumama jikinta. In dare ya yi sanyi, cikinta kuwa babu kome, sai ta shiga ƙona kitsen jikinta, in ya ƙare ta koma kan tsoka. Daga nan sai rama, sai mura, sai zawo, sai a wayi gari ta kasa tashi. Yunwa ce ta buɗe ƙofa, sanyi da cuta suka shigo.

DAJI BA RUMBU BA NE

A da, mai dabba a wannan yanki bai damu ƙwarai da tanadi ba. In rani ya yi, sai yara su kora dabbobi fadama, ko a haɗa shanu da Bafillace ya yi daji da su, ba a ganinsu sai ruwa ya sauka. Amma gonaki sun ci burtali da makiyaya da yawa, fadamu sun koma lambu, sa'an nan ga ɓarayin shanu da suka sa mutane da yawa suka daina nisa da dabbobinsu. Kowa ya tuna 2021, lokacin da Gwamnatin Jihar Katsina ta tsayar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda tsaro. A wannan shekara wanda bai yi tanadi ba ya ga ta kansa: ba daji, ba kasuwa, ga bakuna suna jira. Ko an sami sauƙi ko ba a samu ba, darasin bai canja ba. Abincin dabbarka na rani a gidanka ya kamata ya kwana.

LISSAFI

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a nan kada ka dogara da ido kaɗai, ɗauki alƙalami. Masana kiwo sun auna sun ga saniya ko tunkiya tana bukatar busasshen abinci kamar kilo biyu da rabi zuwa uku a kan kowane kilo ɗari na nauyinta, kowace rana. Watau san huɗa mai nauyin kilo 250 zai ci kamar kilo 6 ko 7. Tunkiya ko akuya mai kilo 30 za ta ci kusan kilo ɗaya.

Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da sabuwar ciyawa za ta isa kamu, kwana 180 ne. Sa guda ke nan yana bukatar fiye da kilo 1,000. Tunkiya guda kilo 180. Mai shanu biyu da ƙananan dabbobi biyar, sai ya tanadi wajen kilo 3,000. Ka ji fa.

Yanzu ɗauki damin harawarka guda ka kai wa mai sikeli ya auna maka. A ce ya yi kilo 10. In kana da dami 100, kilo 1,000 ke nan, sulusin bukatarka. Sauran sai ya fito daga kara da karmami da ƙowa da ingirici da ɗan abin da za su tsinta a gonaki. In ka yi lissafi ka ga ba za a kai ba, hanya biyu ce: ko ka ƙara abinci tun yana da araha, ko ka rage bakuna. Tsohuwar akuyar da haƙoranta suka zube, da juyar da ta shekara biyu ba ta haihu ba, da bunsurun da ba ka bukata, kai su Sheme ko kasuwar Ƙanƙara yanzu da suke da nama a jiki. In ka bari sai Afrilu, fata da ƙashi za ka kai, mahauci ya yi maka tayin wulaƙanci. Dabba biyar ƙosassu sun fi goma ramammu.

TANADI

Harawar gyaɗa da ta wake su ne sarakan abincin rani, don su ke da abin gina jiki. Amfaninsu kuwa a ganye yake, ba a sanda ba. Saboda haka a cire su tun ganyen yana kore, a shanya kwana kaɗan, a ɗaure da sassafe lokacin da ganyen ya yi laushi, don kada ya kakkaɓe. A ɗora a kan rumfa, a rufe da zana ko kara. Harawar da aka bari rana tana dukanta wata uku har ta yi fari, ta rasa amfaninta da yawa. Wadda aka ajiye a ƙasa kuwa ta gara ce.

Kada ka bar karan dawa da na masara a gona, kada kuma ka sa musu wuta. Kwaso su ka jingine a gida. In za ka ba dabba, daddatsa su gajeru da adda, ka yayyafa musu ruwan gishiri ko na kanwa kaɗan. Sa zai ci abin da da zai tattake. Amma ka sani kara cika ciki kawai yake yi. Dabbar da ke cin kara zalla za ta rame ko da cikinta ya yi tulu, sai an haɗa mata da harawa ko dusa.

Ga kuskuren da mutane da yawa ke yi: su buɗe harawa tun Disamba, su yi ta zubawa, Maris na yi rumfa ta zama fayau, alhali wahalar gaske tana Afrilu da Mayu, ga shi kuwa a lokacin ne ake son shanun huɗa da ƙarfi. A fara da karmami da kara da kalar gona, harawa kuwa a riƙa ba da ita kaɗan-kaɗan, da maraice, don dabba ta kwana tana tuƙa. Mai ciki da mai shayarwa su ne na gaba a rabo, a ware musu mazubi dabam don kada manya su ture su.

Ƙasar Funtuwa ƙasar auduga ce, saboda haka anguriya da dusarta ba su da wuyar samu. Suna da kyau ga manyan shanu da raguna, amma a fara da kaɗan, kuma kada a ba ɗan maraƙi ko ɗan tunkiyar da bai fara tuƙa ba, haka kaji, don akwai wani dafi a cikinta da ke cutar da su. Inda akwai gawo, a sa yara su tsinto 'ya'yansa, abinci ne mai kyau na kyauta. Kowane sabon abinci a shigo da shi sannu a hankali cikin mako guda. Ragon da aka cika wa kwano da tsaba rana ɗaya, cikinsa zai kumbura, wani ma ba ya kwana.

Abu uku a yi hattara da su. Na farko gyauron dawa, wanda ke tohowa bayan an sare, yakan kashe dabba nan take. Na biyu abincin da ya yi funfuna, ko dusa ko tunkuza ko harawa. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar garin gyaɗa mai funfuna aka ba su. Na uku leda. Dabbar da ke yawo a bola da yunwa tana haɗiye ta, ta cushe mata tumbi, ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. A ajiye musu gishiri ko kanwa su riƙa lasa, a kuma share leda daga tsakar gida.

MAKWANCI

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Je ka tsaya a turkenka da asuba, in iskar ta dake ka, to, ta kwana tana dukansu. Kafa zana ko dangar kara ta gefen arewa da gabas, ka bar kudu da yamma a buɗe, ka yi ɗan rufi a sama. Wannan ya isa. Kada kuma a ce don tausayi a cusa su cikin ɗaki a toshe ko'ina. Zaurin fitsari da numfashin juna sun fi sanyi kawo ciwon huhu. Akuya ta fi tunkiya jin sanyi, ta fi kuma ƙin danshi, sai a zuba mata ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a ƙasa. A riƙa sharewa ana tara takin a gefe guda, don shi ne ladan da dabba ke biyan gona.

Tunkiya da akuya wata biyar suke ɗaukar ciki, saboda haka wadda aka barbara a tsakiyar damina, cikin tsananin ɗari za ta haihu. Ɗan da aka haifa da tsakar dare, jiƙe, cikin iska, shi ne sanyi ke kashewa da gaske. In ka ga haihuwa ta matso, kawo uwar kusa. Da ta haihu a bari ta lashe shi, in ta ƙi a goge shi da tsumma, a shafa wa cibiya aidin, a tabbata ya sha dakashi tun cikin sa'o'in farko. Wannan nonon farko shi ne garkuwarsa, kada a tatse a zubar.

Wasu sukan hura wuta kusa da turke. To, a kula. Hunturu lokacin gobara ne, harawa kuwa ba ta jiran a roƙe ta. A nisanta rumfar harawa da madafa, kuma in da hali a raba ta wuri biyu.

RUWA

Don gari da sanyi ba a ce dabba ba ta jin ƙishi ba. Busasshen abinci take ci, busasshiyar iska take shaƙa. Babban sa yana bukatar garwa ɗaya da rabi ko biyu a yini, in bazara ta yi ya fi haka. Tunkiya da akuya lita 2 zuwa 4, mai shayarwa ta fi. Dabbar da ba ta sha ba, ba za ta ci kara ba. A shayar da hantsi da kuma la'asar, ba ruwan da ya kwana a waje da asuba ba. Ruwan rijiya ya fi na kududdufin fadama, don a nan ne ƙananan katantanwa ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta. Farkon rani lokaci ne mai kyau na ba da maganin tsutsa da na hanta, don kada ka tanadi harawa tsutsa ta cinye.

CUTA

Cuta uku suka fi ɓarna a wannan lokaci. Akwai ciwon huhu na shanu. Akwai annobar awaki da tumaki wadda likitoci ke kira PPR, mai zuwa da majina da kwantsa da gyambon baki da zawo. Akwai kuma annobar kaji mai sa su gyangyaɗi da murɗe wuya, wadda takan share akurki cikin mako guda. Dukansu suna da rigakafi, ana kuwa yin sa a nan ƙasar, a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Na huhu shekara-shekara ake yi. Na PPR allura guda tana tsare dabba shekara uku. Na kaji akwai wanda ake ɗigawa a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. A nemi malamin dabbobi tun cuta ba ta shigo unguwa ba, don allurar rigakafi ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu.

Mai shakka ya tambayi dattawa labarin bushiya. Ita ce ta karkashe shanu a ƙasar nan a 1983. Da allura aka yaƙe ta, tun daga babban gangamin da aka fara a 1962, har a 2011 aka yi shela cewa babu ita a duniya duka.

Ku kuma fatake da dillalai, ga taku. Mafi yawan cuta a kan igiya take shiga gida. Duk dabbar da aka sayo, ko kazar da aka kawo tsaraba, a ɗaure ta dabam mako biyu ko uku kafin ta haɗu da na gida. Wanda kuwa ya ga cuta a garkensa ya yi sauri ya kai kasuwa, ya sani maƙwabcinsa ya cuta. Kai kuma malam ma'aikaci da ka ba ɗan'uwanka kiwo a ƙauye, kada ka jira sai Babbar Salla ta matso ka aika a kawo maka rago. Aika da kuɗin dusa da harawa yanzu, tun farashi bai tashi ba.

To jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin makon nan a ƙirga bakuna, a ƙirga damma, a kafa zana, a nemi malamin allura. Allah ya raba mu da asara, ya kai mu damina da dabbobinmu a tsaye. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan turkar rago.