Yadda Ake Shirya Gida Kafin Hunturu a Ingila, da Taimakon Wayarka

Darasinmu na yau na wanda zai tafi karatu ko aiki Ingila ne, ko mai ɗan'uwa a can. Kaka a ƙasar tana kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu ya biyo baya har Fabrairu. Da sanyi ya kankama sai a rufe tagogi ruf, a dogara da na'urar ɗumama gida dare da rana. A lokacin ne ƙaramar matsala take iya cin dukiya, wani sa'in har da rai. Shi ya sa ake gyara tun da kaka.

1. Duba boila

Yawancin gidajen Ingila da gas ake ɗumama su. Tukunyar da ake kira boila ita ke dafa ruwa, ta tura shi ta bututu zuwa ƙarafan ɗumama ɗaki da ke jikin bango. Doka ta wajabta wa mai gidan haya ya kawo injiniya mai rajistar Gas Safe ya duba kayan gas duk wata 12, ya kuma ba ɗan haya takardar shaida. Ka nemi taka, ka ɗauki hotonta, ka sa ranar ƙarewarta a kalandar wayarka.

Tun a Satumba ka kunna ɗumamar ka gwada. Idan ƙasan ƙarfe ya yi zafi amma samansa bai yi ba, iska ce ta taru a ciki. Sai ka kashe boila, ka bari ya huce, ka sassauta ɗan bakin da ke samansa da ƙaramin makulli har ruwa ya fara ɗiga, sannan ka ɗaure.

2. Gwada ƙararrawa

Wannan shi ne mafi muhimmanci. Boila mai matsala tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Takan fara da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Ita ce dai iskar da ke halaka mutane a nan gida idan sun kwana da garwashin gawayi ko janareta a ɗaki rufe.

Daga Oktoban 2022, dole mai gidan haya a Ingila ya sa ƙararrawar gano wannan iska a ɗakin da boila take, ban da ta hayaƙi da ke kowane hawa. Danna maɓallin gwajin kowacce, idan ba ta yi kuka ba ka sauya batir ko ka sanar da mai gida. Sannan ka adana lambar gaggawa ta gas: 0800 111 999.

3. Kare bututun ruwa

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa bututu ke nan. A naɗe bututun da ke waje ko ƙarƙashin rufi da soso na musamman. Ka kuma san inda babban makashin ruwan gidan yake, galibi a ƙarƙashin wurin wanke-wanke na kicin. Idan za ka zo gida hutun Disamba, kada ka kashe ɗumama gaba ɗaya, ka bar ta ƙasa-ƙasa. Na'urori irin su Hive, tado da Google Nest suna ba ka damar ganin zafin gidan, ka kuma daidaita shi ta manhaja ko kana Kano.

4. Ganye da kafofin iska

Da kaka itatuwa ke zubar da ganye, shi kuma ya toshe indararo, ruwa ya riƙa bin bango har danshi ya shigo ɗaki. Ka ɗauki hoto ka tura wa mai gida, kada ka hau da kanka. Kafofin ƙofa da taga a liƙe su da roba, amma ban da ramukan da aka yi musamman don shan iska.

5. Agogo

Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Wayarka za ta gyara kanta, tsohon agogon boila kuwa sai ka gyara da hannu. Ka mai da wannan rana ta zama ranar sake bin duk waɗannan matakai. Mu haɗu a darasi na gaba.