Gonata Ta Gaji, Ina Mafita?

Tambaya: Gonata ta daina ba da gero kamar da, takin zamani kuma ya yi tsada.

Amsa: Malam, ka daina ƙona kara bayan girbi. Idan ka bar shi kwance yana tare iska, gara kuma ta mayar da shi taki. Kashin dabbobi sai ya ruɓe kafin ka watsa. Baɗi ka shuka wake ko gyaɗa a wurin, saiwoyinsu na ƙara wa ƙasa naitirojin. Gawo kuwa, don Allah kada ka sare shi! Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Ka fara tara taki tun da rani.